Pompeii ko Herculaneum: wanne za ka ziyarta?

Masu shirin zuwa Napoli a Italiya sun sha tambaya ta: idan rana ɗaya ce, wane kufai ya kamata a je? Dutsen Vesuvius mai aman wuta ne ya binne garuruwan Rumawan biyu a shekara ta 79 miladiyya, amma abin da ya bari ya bambanta.

Pompeii gari ne sukutum, kusan hekta 66. Akwai dandalin kasuwa, filin wasa, gidajen wanka, da siffofin mamatan da masanin kayan tarihi Giuseppe Fiorelli ya fara fitarwa a 1863 ta hanyar zuba farar ƙasa a guraben da gawawwaki suka bari cikin toka. Sai dai ƙafa za ta ji jiki. Inuwa kaɗan ce, ga cunkoso, har an ƙayyade baƙi 20,000 a rana tun 2024. Ba tare da ɗan jagora ba, wuni zai tafi a bulayi.

Herculaneum ƙarami ne, awa biyu zuwa uku sun isa. Ni ya fi taɓa min zuciya. Toka mai zafi ta rufe shi da zurfin kusan mita 20, shi ya sa katako, benaye da gadaje suka tsira, sun zama gawayi. A rumfunan jiragen ruwa an tarar da ƙwarangwal ɗin mutum kusan 300 da suka fake suna jiran ceto.

Jirgin ƙasa na Circumvesuviana yana tsayawa a duka biyun, kuɗin shiga Herculaneum ya ɗan fi sauƙi.

Mai ƙarfin ƙafa da cikakken wuni, ya nufi Pompeii. Mai tafiya da yara ko dattawa, ko mai son duba cikin gida a natse, Herculaneum ya dace da shi.