Buɗaɗɗen kofi ko mai murfi marar zuba: wanne za a fara ba jaririya?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya raya mana ita. Tunda watanta biyar, kuma kin rasa na ɗauka tsakanin kofin nan mai murfi da ba ya zuba da ɗan ƙaramin buɗaɗɗen kofi, ga kuma maganar ruwa da jus da kika haɗo, to ni dai buɗaɗɗen nake ce miki ki saya. Duka biyun ina da su. Ɗaya kullum yana cikin kayan wanke-wanke, ɗayan kuwa yana can ƙasan durowa, na ma manta rabon da a taɓa shi.

Sai dai ki saya ki ajiye, don yanzu babu abin da za ki zuba a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun tsaya a kan nono zalla har wata shida, ko ɗigon ruwa ba a haɗawa, ko da kuwa ana zafi. Nonon kansa kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ne, kuma wanda ke fara fita idan ta kama ya fi tsinkewa, mai kaurin yana biyowa daga baya. Shi ya sa lokacin zafi za ki ga tana yawan neman nono, ta ɗan tsotsa ta saki, an jima ta sake nema. Ƙishinta take kashewa, ki bar ta. Cikin jariri ɗan mitsitsi ne, duk ruwan da ya shiga wurin nono ya tare, ta rage tsotso, nonon ma ya fara ja da baya tunda yawan tsotso ne ke kawo shi. Abin da ya fi ban tsoro shi ne ƙodarta ba ta yi ƙwarin fitar da ruwa mai yawa ba tukuna. Idan ruwa ya yi yawa a jiki, sinadarin sodiyam na jini yakan yi ƙasa, yaro ya yi laushi, jiki ya yi sanyi, fuska ta kumbura, wani har da jijjiga. Haka abin yake ga masu ƙara wa madarar gwangwani ruwa fiye da ƙa'ida don ta yi auki. Idan madarar gwangwani kike ba ta, ki bi awon da ke jikin gwangwanin, kuma ko ana zafi ki tambayi likita kafin ki ƙara mata ruwa daban.

Idan ta cika wata shida ta fara cin abinci, sai a fara ruwa, kurɓi-kurɓi lokacin cin abinci. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce daga wata 6 zuwa 12, mililita 120 zuwa 240 a yini ya isa. Kada ki ɗauka dole sai ta shanye wannan. Har ta shekara, nono ne babban abin shanta. Ruwan ya zama mai tsafta, idan kina kokwanto ki tafasa ki bar shi ya huce. Kada a sa sukari don ta karɓa, zuma kuwa sam ba a ba yaron da bai shekara ba, saboda ƙwayar cutar da kan ɓuya a cikinta mai sa jikin jariri ya saki har numfashi ya gagara.

To, kofin. Nawa ɗan ƙarami ne na roba mai laushi, bai fi cikin tafin hannu ba, bakinsa siriri, gindinsa da ɗan nauyi. Da na fara ba autana, cizon bakin kofin yake yi da dasashi yana kallona, ruwan ya bi haɓa ya sauka a riga. Wani lokaci ya hura iska a ciki, ya ji ƙarar kumfa ya ƙyalƙyale da dariya, yayyensa su taru a kansa ana ta shewa. Ni ke riƙe kofin, shi kuma ya ɗora hannuwansa a kan nawa. Wata rana muna cin abinci na ɗaga nawa kofin na sha, sai na ga ya zuba mini ido, ya miƙa hannu biyu ya ɗauki nasa, ya kai baki, ya kurɓa, ya haɗiye, sannan ya yi wannan 'yar ajiyar zuciyar da manya ke yi bayan sun sha ruwa. Daga nan ya kifar da sauran a kansa. Kafin ya shekara yana sha da kansa, kuma duk gidan da muka je, kowane kofi aka ba shi zai sha, ba sai na kwaso nasa daga gida ba. Wannan 'yancin kaɗai ya biya ni duk rigunan da na wanke.

Dabarar ba ta da yawa. Ki zaunar da ita daram, kada ki ba ta tana kwance ko a jingine. Ki zuba ruwa ɗan kaɗan, wanda ko ya zube duka ba zai dame ki ba. Ki ɗora bakin kofin a leɓenta na ƙasa, ki karkata a hankali har ruwan ya taɓa leɓe, sai ki tsaya ki bar ta ta ja da kanta; kada ki ɗura mata. Za ta ɗan yi tari a farko, tana koyon haɗa haɗiya da numfashi ne, ki janye kofin ta huta. Ki riƙa yi a ƙarshen cin abinci, lokacin da rigar ta riga ta ɓaci za a canza. Kuma ki riƙa shan naki a gabanta, don da ido suka fi koyo.

Dalilin da ya sa na nace a kansa ya wuce son raina. Da buɗaɗɗen kofi yaro kurɓa yake koya: leɓe ya kama baki, harshe ya koma ciki, ya auna abin da zai iya haɗiyewa. Hukumar lafiya ta Ingila ma abin da take ba iyaye shawara ke nan, daga wata shida a fara da buɗaɗɗen kofi ko mai murfin da ruwa ke fita da kansa ba sai an tsotsa ba, kuma a yi ƙoƙari a rabu da fida idan yaro ya shekara. Likitocin Amurka sun ɗan sassauta, sun ce tsakanin wata 12 da 18. Ga shi babu lungun da datti zai ɓuya, kina wankewa kina ganin ko'ina. Sannan yaro ba zai iya yawo da shi ba, dole ya zauna ya sha ya ajiye.

Marar zuban kuwa, gaskiya ba ya jiƙa jaka, kuma a mota yana da rana. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. A cikin murfinsa akwai wata 'yar roba da ke toshe ruwan, ba ya fita sai an tsotsa da ƙarfi. Ki gwada da bakinki ki ji yadda kumatu ke gajiya. Fida ce ta sake riga, yaro bai koyi komai ba, kuma daga baya sai kin sake zama kin koya masa kofin gaske. Waccan 'yar robar kuma matattarar fumfuna ce idan ba a cire ta ana wankewa ana shanyawa ba. A 2016 an janye irin waɗannan kofuna sama da miliyan 3 daga kasuwa a Amurka saboda fumfunar da ke taruwa a wurin da uwa ba ta iya buɗewa. Akwai kuma wani bincike da aka wallafa a 2012, wanda ya gano cewa tsakanin 1991 da 2010 an kai yara 'yan ƙasa da shekara uku kimanin 45,000 asibiti a Amurka saboda raunin fida, robar tsotso da irin wannan kofi, akasarinsu faɗuwa suka yi abin yana bakinsu. Mai tatata da bakin kofi mai tauri tsakanin haƙora, kin san abin da zai biyo baya. Idan an riga an ba ki shi kyauta, ki cire 'yar robar ki yar, ya zama mai zuba da kansa, sai ya yi amfani.

Idan fita ce damuwarki, akwai mai bututun zuƙa. Yara da yawa suna iya shi tun kafin su shekara, kuma ya fi mai toshiya. Ki dai tabbatar ya zo da ɗan siririn buroshin wanke bututun.

Jus kuma ki cire shi daga lissafi har sai ta shekara. A da likitocin yara na Amurka suna cewa daga wata shida, amma a 2017 suka sauya, suka ce kada a ba yaron da bai kai wata 12 ba, ko da wanda aka matse ne a gida babu ƙarin komai. Daga shekara 1 zuwa 3 ma kada ya wuce mililita 120 a yini. Mutane suna jin "ruwan 'ya'yan itace" sai su ɗauka lafiya ce zalla, alhali idan aka matse ɗan itace aka zubar da tsokarsa, abin da ya rage akasari ruwa ne da sukari. Jus ɗin tuffa yana da sukari kusan giram 10 a kowace mililita 100, bai yi nisa da lemon kwalba ba. Yana cika ciki ta ƙi nono da abinci, yana sa gudawa da kumburin ciki, kuma wanda ya saba da zaƙi tun yana wata shida, ruwa zai riƙa yi masa salam. Idan amfanin 'ya'yan itace kike so, bayan wata shida ki murƙushe mata ayaba ko dafaffiyar tuffa ta ci da cokali. Idan bayan gida ne ya yi mata tauri, likita ne zai ce ko a ba ta wani abu da kuma nawa. Idan gudawa ce, nono da ruwan gishiri da sukari na asibiti, wato ORS, ake bayarwa. Jus ƙara ta yake yi.

Mafi munin haɗi shi ne jus a cikin kofi marar zuba. Tunda ba ya zuba, sai a miƙa wa yaro a manta, ya yini yana tsotsa kaɗan-kaɗan, haƙoran gaba na sama suna jiƙe da sukari daga safe har dare. Idan ya kwanta da shi abin ya fi muni, don yawu yana raguwa lokacin barci, babu mai wanke bakin. Da fari-fari a gindin haƙori ake farawa, sai ya koma ruwan ƙasa, sai ya fara gutsurewa. Kada wani ya ce miki ai haƙoran nono ne za su zube. Na baya-bayan suna kaiwa shekara 10 zuwa 12 a baki, kuma ciwon haƙori ga ɗan shekara biyu ba abin da za ki so ki gani ba ne.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayarwa, musamman na intanet. Za ki ga an rubuta "daga wata 4" a jikin kofi ko kwalbar jus ɗin jarirai, da hoton jariri yana murmushi; mai kaya ne ya rubuta, ba likitan 'yarki ba. Wani zai ce miki likitocin haƙori sun amince da shi, ki tambaye shi waɗanne, sai ya sauya magana. Tambarin da ke cewa babu BPA kuwa, wato wani sinadari da ake sa wa wasu robobi wanda ake tsoron illarsa ga lafiya, kowa na iya bugawa ya manna. Tarayyar Turai ta hana shi a fidar jarirai tun 2011, Amurka ta hana shi a fida da kofunan yara a 2012, amma jabun kaya ba ruwansu da doka. Ki juya gindin kofin ki duba 'yar alamar nan mai kusurwa uku: idan lamba 5 ce ko an rubuta PP, da sauƙi, idan 3 ce, ko 7 da PC, ko babu komai, ki ajiye masa kayansa. Ki shinshina, idan yana warin roba mai hawa kai, a'a. Ki goga zanen jiki da farce, idan fenti yana fita, bakinta zai shiga. Ki ja baki da hannuwan kofin da ƙarfi, duk abin da ya cire a hannunki zai iya cirewa a bakinta ya shaƙe ta. Na ƙarfe ma ba a rufe ido a saya, don a 2023 an janye wasu kofunan ƙarfe na yara a Amurka saboda dalmar da aka samu a jikinsu.

Sannan akwai masu haɗa miki jeri guda, na wata huɗu, na wata shida, na wata tara, na shekara, su ce kowane mataki da kofinsa, idan kin tsallake ɗaya yarinya ba za ta iya ba. Babu wannan matakin, kasuwa ce kawai. Hoton intanet kuma yana ruɗi, ki nemi a faɗa miki yawan mililitar da yake ci kafin ki biya. Wanda bai wuce 60 zuwa 100 ba shi ne daidai hannunta. Ki sayi biyu iri ɗaya, don ɗaya zai shige ƙarƙashin kujera ranar da kike nemansa. In kuwa bakwaini ce, ko kin lura tana yawan ƙwarewa ko da nono, ki fara nuna wa likitanta kafin ki kai mata kowane kofi baki.