Waya, kyamara ta hannu ko fim: me za ka saya don hoton duwatsu baƙi da fari?

Wani ƙanena da ke koyarwa a wata firamare a ƙauyen Birnin Kudu ya turo mini hoton turbar da yake bi kullum, wadda ta ratsa tsakanin duwatsu ta haura tudu. A ido turbar ja ce jawur, ciyawar damina kuma shar a gefenta. Da ya mayar da hoton baƙi da fari, sai turbar ta yi ɓatan dabo, ja da kore suka koma toka-toka iri ɗaya. Ya ce, "Yaya, wayar nan ba ta da kyau, wace kyamara zan saya?"

Laifin ba na wayar ba ne. Jar ƙasarmu da koren ganye launinsu ne ya bambanta, amma haskensu kusan ɗaya ne, shi kuwa baƙi da fari haske kawai ya sani. Don haka kafin ka fitar da ko sisi, ka tambayi kanka: abin da zan saya zai ba ni damar raba ja da kore?

Waya za ta iya, in ka daina ɗauka da baƙi da farin da ke cikin kyamararta. Ɗauki hoton da launinsa, in wayar tana da tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da ba a sarrafa ba, ka kunna shi, sannan ka buɗe a manhajar gyaran hoto ta Snapseed, wadda kyauta ce. A wajen baƙi da fari akwai filta ja. Kana taɓa ta turbar za ta yi haske, ciyawa ta yi duhu, shuɗin sama ya yi nauyi har gajimare ya fito fili. Inda waya ke gazawa biyu ne. Sensarta, wato ɗan farantin da ke kama haske, ƙarama ce, manhajarta kuma tana goge tsakuwa da kaushin dutse har su yi sumul kamar sabulu, kai kuwa kaushin nan kake nema. Na biyu, gilashinta mai faɗi yana mayar da tsauni kamar ɗan tsibi, in ka jawo shi da yatsa hoton ya dagargaje. Don Facebook da WhatsApp ta wadatar. Don bugawa babba a rataya a falo, da sauran aiki.

Ni dai in kuɗinka na gumi ne, kyamarar DSLR, wato mai madubi a ciki wadda ake canza wa lens, ta hannu nake ba ka shawara. Nikon D3300 ta 2014 tana da megafiksel 24, Canon 600D ta 2011 tana da 18, kuma duka sun isa. Yawanci suna zuwa da lens mai 18-55mm, wanda masu hoton biki ke rainawa. Kada ka biye musu. Turba a jikin tudu ba ta gudu, ba a cikin duhu take ba, kuma a f/8, wato in ka tsuke ƙofar haskensa matsakaici, lens ɗin nan yana fitar da komai tsaf. Ka tsaya nesa ka murɗa shi zuwa 55, za ka ga tudun ya taso, turbar ta nannaɗe jikinsa, mai keken da ke tura kayansa ya zama ma'aunin girman wurin. Ga kuma batir: kamfanin Nikon ya ƙiyasta D3500, ƙanwar D3300, tana ɗaukar hoto 1,550 a caji ɗaya, Sony A6000 marar madubi kuwa 360. Wanda ya taɓa kwana biyu a Riruwai ko duwatsun Roni yana neman mai janareto ya san darajar wannan bambanci.

Ita A6000 ɗin da 'yan uwanta marasa madubi suna da abin burgewa guda: kana leƙawa kana ganin duniya baƙi da fari tun kafin ka danna, kuma in RAW kake ɗauka launin yana nan a ajiye. Wannan yana koya wa ido da sauri. Ba su da nauyi a hawan dutse. Amma kana cire lens sensa ce tsirara a gabanka, mu kuwa muna da hunturu. Na taɓa canza lens a kan wani fako wajen Rano cikin watan Janairu, na dawo gida na tarar da ɗigo-ɗigo a saman kowane hoto, kamar kashin ƙuda a jikin kwano. In ita ka saya, ka ɗaura lens ɗaya ka bar shi.

Akwai kyamarorin da ba su san launi ba sam. Leica ta fitar da M Monochrom a 2012, Pentax ta fitar da K-3 Mark III Monochrome a 2023 a kan kusan dala 2,200, jikin kawai. An cire musu rigar ja da kore da shuɗi da ke kan sensa, don haka haske yana shiga sosai, hoton ya fi kaifi. Sai dai ka tuna turbar ƙanena. Tunda babu launi a ajiye, ba za ka raba ja da kore daga baya ba, dole ka ɗaura filtar gilashi, ja ko ruwan lemo, tun a wurin. Ka biya kuɗin fili ka ƙara wa kanka aiki.

Fim kuwa, irin su Ilford HP5 da Kodak Tri-X, kyawunsa ba a musu. Amma hoto 36 ne a naɗi, zafin bazara yana lalata shi, kuma kafin ka sayi kyamarar ka fara samo wanda zai wanke maka.

Abin da ya rage na kuɗin kada ka zuba shi a lens na biyu. Sayi ɗan famfon roba na hure ƙura, ƙarin batir, da mazaunin kyamara mai ƙafa uku in kana son hoton asuba. Ragowar na mota ne, don haske ake bi: hantsi da la'asar sakaliya, lokacin da rana ke dukan dutse ta gefe, kowace tsakuwa da inuwarta. Tsakar rana kan baje komai. A hunturu sama fari ce fat, babu filtar da za ta yi mata magani, amma hazon yana jera tuddai bayan juna, na kusa baƙi, na nesa fari-fari, abin da damina ba ta bayarwa.

Ranar ciniki, ko a Farm Centre ne ko a hannun wani mai hoto, tafi da katin ajiyarka. Sa f/22, ɗauki farin bango, ka ƙara girman hoton ka ƙirga ɗigon ƙura. Haska lens da tocilan waya, in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo-gizo a ciki, ruma ce, ajiye shi. Ka nemi a nuna maka adadin hotunan da ta ɗauka, domin irin waɗannan ƙananan kyamarori an ƙiyasta musu wajen 100,000 ne. Ƙanena dai bai sayi komai ba tukuna. Ya sake turo turbar da filta ja, ga ta nan fes tana haurawa tsakanin kuka biyu, yanzu kuma adashi yake zubawa don D3300.