Kafin ki kashe kuɗin makaranta a kan wasan kwaikwayo mai waƙa, ga yadda na auna guda huɗu

Wata malama da muka taɓa koyarwa tare ta kira ni satin da ya wuce, wai shugaban makarantarsu ya ware mata ɗan kuɗi ta nemo kayan koyar da wasan daɓe mai waƙa irin na Turawa, wanda suke ce wa miyuzikal, za ta yi wa 'yan ajinta a wannan zangon, kuma ta rasa ta ina za ta faro. Na ce Malama dan Allah kar ki fidda ko sisi tukuna, bari in zauna in rubuta miki abin da na gani da idona a aji, tunda nima sai da na yi asarar kuɗi kafin na gane kan abin. Toh ga shi na rubuta, duk malamin da zai amfana bismillah.

Abu na farko da zai kwantar miki da hankali, yaranmu ba baƙi ba ne a wannan harka. Yaron da ya tashi yana kallon fim ɗin Indiya da na Hausa ba zai yi mamaki ba dan jarumi na cikin magana ya ɓarke da waƙa, ga kuma tashe da suke yi duk azumi wanda shi ma ai wasa ne da waƙa a haɗe. Abin da zai zame musu sabo shi ne waƙar da ke ɗauke da labarin a kanta, wadda in ka cire ta labarin ya karye. Wannan salon ya kafu sosai ne tun 1943 lokacin da Richard Rodgers da Oscar Hammerstein suka fito da wasansu na farko tare, Oklahoma!, kuma ni da shi nake fara auna duk wasan da zan kai aji. Sai na biyu, shin yara za su samu abin musu a ciki ko kallo kawai za su yi su tashi. Na uku kuma iyaye, dan wallahi uba ɗaya ya zo ofis da faɗa ya isa ya rufe miki darasin gaba ɗaya.

In 'yan ƙaramar sakandare ne a hannunki, The Sound of Music zan ce ki fara dubawa. An buɗe shi a Broadway, unguwar gidajen wasan daɓe da ke New York, a Nuwamban 1959, Rodgers ya yi kiɗa, Hammerstein ya rubuta baitoci, Howard Lindsay da Russel Crouse suka tsara labarin daga littafin da Maria von Trapp ta rubuta a 1949 kan rayuwar gidansu. Labarin wata budurwa ce da ke shirin zama sista a coci, aka tura ta rainon 'ya'ya bakwai na wani tsohon sojan ruwa a Salzburg ta ƙasar Ostiriya, daidai lokacin da 'yan Nazi ke shirin haɗiye ƙasar a 1938. Amfaninsa babba shi ne akwai yara a ciki, kuma akwai waƙar da ke koyar da do re mi tun daga tushe, malamin kiɗa zai ji daɗinta sosai. Ranar da na fara saka wa 'yan aji biyu wannan wajen, kafin a tashi har wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu a ajina ba tana bubbuga benci da biro tana bin sautin, washegari ta zo min da matakan ta rubuta a bayan littafinta ta jera su kamar tsani.

Ga kuma abin koyarwa kan waɗanda suka haɗa wasan. Hammerstein shi yake fara rubuta baiti sannan Rodgers ya ɗora masa kiɗa, alhali a da can da Rodgers ke aiki da Lorenz Hart kiɗan ne ke fara zuwa. Wannan wasan shi ne na ƙarshe da suka yi tare, Hammerstein ya rasu a Agustan 1960, wata tara da buɗe shi, kuma waƙar Edelweiss ita ce ta ƙarshe da ya rubuta. Mutane da yawa sun ɗauka tsohuwar waƙar gargajiyar Ostiriya ce, alhali a Amurka aka ƙirƙire ta saboda wasan. Haka ƙarshen labarin ma, a fim iyalin sun tsallake duwatsu da ƙafa, a zahiri jirgin ƙasa suka hau zuwa Italiya. Ni nakan ba yara wannan su tattauna, me ya sa marubuci zai canza gaskiya, kuma ina iyakar da ya kamata ya tsaya. Inda za ki yi hattara kawai, akwai sistoci da addu'o'in coci da ɗaurin aure a coci, gara ki gaya wa shugaban makaranta tun kafin ki fara, a san tarihin wasu mutane ake koyarwa.

Yanzu ga wanda ni na fi ƙauna, kuma shi zan zaɓa in manyan ɗalibai ne, Fiddler on the Roof, wato mai goge a kan rufin ɗaki. An fara shi a 1964, Jerry Bock ya yi kiɗa, Sheldon Harnick baitoci, Joseph Stein labari, Jerome Robbins ya ba da umarni ya kuma tsara rawa, daga labaran Sholem Aleichem wanda ya yi rubutu da Yiddish, harshen Yahudawan gabashin Turai. Sai da aka yi shi sau 3,242 a jere a Broadway, shi ne wasa mai waƙa na farko da ya haura dubu uku. Fim ɗinsa ya fito a 1971. Labarin Tevye ne, talaka mai sayar da madara a wani ƙauyen Yahudawa da ake kira Anatevka a ƙarƙashin sarkin Rasha a 1905, yana da 'ya'ya mata biyar ba shi da abin aurar da su. Mai dalilin aure ta kawo wa babbar wani mahauci mai kuɗi da ya girme ta nesa ba kusa ba, uban har ya ba da baki, ita kuma wani tela faƙiri take so. Ta biyu ta bi wani ɗalibi ɗan gwagwarmaya har Saiberiya inda aka kai shi ɗauri. Ta uku ta auri wanda ba addininsu ɗaya ba, nan ne uban ya ce shi kam ya kai maƙura. A ƙarshe hukuma ta kori ƙauyen duka.

Ba sai na yi miki dogon bayani kan me ya sa wannan ke kama yaranmu ba. Mun tsayar da fim ɗin daidai inda uban ya juya wa 'yarsa ta uku baya, na ce wa ke ganin ya yi daidai, ajin ya rabu biyu, wani yaro ya miƙe ya ce Malam ai uba ba ya magana biyu kuma sau biyu ya riga ya sassauta, wata yarinya daga baya ta ce amma ai kuka yake a zuci, ka ji yadda muryarsa ta karye. Har aka buga ƙararrawa ba wanda ya motsa. Abin da ya faranta min rai shi ne hujjarta daga cikin waƙar ta ɗauko ta, dan Tevye yakan tsaya a tsakiyar rikici yana auna wannan ɓangaren da wancan yana magana da Ubangijinsa, kuma kiɗan ne ke nuna maka inda zuciyarsa ta karkata. Sai dai ki sani, labarin Yahudawa ne, kuma a halin da ake ciki wasu iyayen da jin sunan kawai za su ɗaga murya. Ki yi musu bayani tun farko cewa talakawan ƙauye ne na Rasha shekara sama da ɗari da suka wuce. Akwai kuma wajen shan giya, da wani mafarki mai fatalwa, da harin da aka kai ana tsakiyar biki, ki kalla ke kaɗai tukuna ki san inda za ki tsallake.

West Side Story kam ba zan daɗe a kansa ba. Na 1957 ne, Leonard Bernstein ya yi kiɗan, Stephen Sondheim yana ɗan shekara 27 ya rubuta baitoci, kuma shi Sondheim ɗin Hammerstein ne ya koya masa sana'ar tun yana yaro, abin da ke da daɗin faɗa wa ɗalibai. Romeo and Juliet aka mayar rikicin 'yan daba biyu a titunan New York, dan haka in kina koyar da Shakespeare zai taimaka. Amma soyayya ce tsagwaronta da wuƙa da kisa, har da wajen da gungun samari suka far wa wata mata, kiɗan kuma yana da wuyar rerawa ga yaran da ba su da horo. Ni 'yan gutsattsari kawai nake ɗauka daga ciki, ba zan sa kuɗin makaranta a kansa gaba ɗaya ba.

Na huɗu Sarafina!, wanda da yawanmu mun kalla tun muna yara. Mbongeni Ngema ya rubuta, shi da Hugh Masekela suka yi kiɗan, an fara shi a Johannesburg ta Afirka ta Kudu a 1987, ya je Broadway a 1988, fim ɗin kuma 1992 da Leleti Khumalo. Kan boren ɗaliban Soweto ne na 16 ga Yunin 1976 da aka tilasta musu karatu da harshen Afirkans, kuma saboda wannan ranar ake bikin ranar yaran Afirka duk shekara. Ɗalibai ne ke wasan ɗalibai, waƙoƙin na taro ne da aji guda zai iya rerawa ba tare da fiyano ba. Amma fim ɗin akwai harbi da azabtarwa da ƙona mutum, bai dace da ƙananan yara ba sam, kuma rubutaccen wasan bai kai sauran sauƙin samu ba. In darasinki ya fi karkata ga tarihi, ki ɗauke shi.

Toh sai maganar me za a saya, nan ne na taɓa ƙonewa. Na sayi faifan nan na bakin titi mai fim ashirin a ciki, na kai aji, hoto dishi-dishi, babu rubutun da ke fitowa a ƙasan allo, yara ba su ji ko kalma ɗaya daga waƙoƙin ba, darasi biyu suka tafi a banza. Ki nemi na asali mai rubutun ƙasa da Turanci, wannan ba abin sassauci ba ne, dan Turancin waƙa ko manya yana ba su wuya. In daga waje za a kawo miki faifan, ki duba lambar yanki, na Amurka 1 ne, na Ingila 2, mu Najeriya muna 5, wata na'urar sai ta ƙi karɓa. Kallo ta intanet kuma kar ki dogara da shi a aji, netwok zai yanke miki ana tsakiyar waƙa, ki sauke tun a gida in manhajar ta yarda. Sannan kuɗin da za ki zuba a babban allo gara ki rage ki sayi lasifika mai kyau mai riƙe caji, saboda nan kunne ne ke aiki fiye da ido, majigi ko talabijin ɗin makaranta ya wadatar.

Ki lura da tsawo ma. The Sound of Music minti 174 ne, Fiddler kusan awa uku, darasinmu kuma minti arba'in, kin ga fim ɗaya zai cinye miki darasi biyar ba ki ce komai ba. Ni nakan zaɓi wurare biyar ko shida, sauran in ba da labari da baki.

Sai rubutaccen wasan, kofi ɗaya na malami ya isa a farko. Amma ga tarko, fim da wasan daɓe ba ɗaya suke ba. A The Sound of Music na daɓe, waƙar My Favorite Things da shugabar sistoci ake yinta a ofishinta, a fim ɗin 1965 kuma an mayar da ita daren da ake tsawa yara suka tsorata, kuma akwai waƙoƙi biyu da Rodgers ya ƙara wa fim shi kaɗai bayan rasuwar abokinsa. Yaro zai buɗe littafi ya ce Malama ba haka muka gani ba. In kina son wanda ya bi tsarin daɓe, akwai wanda gidan talabijin na NBC ya yi kai tsaye a 2013. Ni dai na mayar da bambancin ya zama darasi, na ce su faɗa min wanne wuri ya fi dacewa da waƙar.

Abu mafi tsada shi ne lasisi, kuma ba kya buƙatarsa sai in za ku hau dandamali ku yi wa jama'a. Wasannin Rodgers da Hammerstein suna hannun kamfanin Concord Theatricals, Fiddler da West Side Story kuma Music Theatre International, The Sound of Music da Fiddler suna da gajerun bugu na makarantu na kamar awa ɗaya, an sassauta waƙoƙin daidai muryar yara kuma ana haɗawa da kiɗan da aka riga aka naɗa. Da dala ake biya, kuma ba a yarda ki canza magana ko ki cire waƙa yadda kika ga dama ba sai da izini, wanda a wajenmu matsala ce tunda dole akwai wuraren da za ki so gyarawa, musamman rawar mace da namiji. Shawarata ki bar wannan sai shekara ta biyu.

Da ta sake kirana ta ce 'yan babbar sakandare aji ɗaya ne za ta koyar, na ce Malama ki sayi faifan Fiddler na asali da littafinsa ɗaya da lasifika, canjin ki yi hoton mutum huɗun nan da suka haɗa shi ki manna a bango. Darasin farko kar ki kunna komai, ki raba ajin gida huɗu, masu labari, masu baiti, masu kiɗa da masu tsara motsi, ki ba su labarin uban da aka zo neman auren 'yarsa ki ce su haɗa miki minti uku. Yaran da suka saba ganin mawaƙi irin Shata shi ke ƙirƙira shi ke rerawa, a nan za su gane yadda mutum huɗu ke zama su yi ta ja-in-ja a kan waƙa ɗaya. Satin da ke biye sai ki kunna musu farkon fim ɗin su ga yadda su Bock suka yi nasu.