Kafin ka sauya bodin kyamara, zazzage jakar gilasanka

Wani ƙanena a sana'ar hoto ya shekara uku yana aikin biki da Canon 600D. Da ya tara ɗan abin da ya tara, sai ya sayo 6D ta hannu, don kowa na ce masa babbar sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, ita ce maganin duhun ɗakin taro. Ya kawo ta gida da murna, ya ɗauko gilashinsa (lens) mai lamba 18-55 zai ɗaura, ya ƙi shiga. Ya gwada 55-250, shi ma ya ƙi. Cikin gilasansa uku, ɗan ƙaramin 50mm ne kaɗai ya hau. Kyamara lafiyarta ƙalau, mai shago kuma bai cuce shi ba. Shi ne bai karanta haruffan da ke jikin gilasansa ba kafin ya zaro kuɗi.

Saboda haka duk wanda ya tambaye ni wane bodi, wato gangar kyamara ban da gilashi, zai saya, nakan ce ya fara zazzage jakarsa a kan tabarma. Bodi yakan tsufa cikin 'yan shekaru, amma gilashi mai kyau yana iya cinye bodi uku yana nan daram. Abin da ke jakar shi zai faɗa maka hanyar da ta buɗe da wadda ta toshe.

A kyamarorin Canon masu madubi a ciki (DSLR), baki, wato inda ake ɗaura gilashi, iri biyu ne. EF, wanda ya fito a 1987, an yi shi ne don babbar sensa mai faɗin milimita 36 da 24, kuma yana hawa ƙanana ma. EF-S ya zo a 2003 don ƙaramar sensa kawai, irin ta 600D. Gane su ba wuya: jan ɗigo a gindin gilashi EF ne, farin murabba'i kuwa EF-S. Mai farin murabba'i ba ya hawa 5D ko 6D, don gindinsa ya fi kutsawa ciki, zai iya karo da madubi, shi ya sa kamfanin ya toshe hanyar tun daga ƙira. Sigma masu alamar DC da Tamron masu Di II su ma na ƙaramar sensa ne. Su za su hau 6D, amma sau da yawa hoton zai fito da baƙi a kusurwoyi kamar an leƙa ta bututu.

To, idan yawancin kayanka EF-S ne, me ya rage? Cikin masu madubi akwai 80D ta 2016 mai megafiksel 24, da 90D ta 2019 mai 32.5. Duk abin da kake da shi zai hau ba tare da ƙarin ko sisi ba. Cikin marasa madubi akwai R10 da R7, dukansu na 2022, masu sabon bakin RF da Canon ya ɓullo da shi a 2018. Waɗannan sai da adafta mai suna EF-EOS R. Mutane na tsoron adafta, suna zaton tana rage kyan hoto. Wannan ba gilashi a cikinta, zobe ce kawai mai wayoyin sadarwa. Tazarar bakin EF zuwa sensa milimita 44 ce, ta RF kuma 20, adaftar ta cike gurbin 24 da madubi ya bari. Fokas yana aiki, na'urar hana rawar hannu da ke cikin gilashi tana aiki, har ma tsofaffin gilasai sukan fi kama ido daidai a kan sabon bodi, don sensar da kanta take auna fokas.

Ga mai cin abinci da hoton biki, ni R7 zan nuna masa a kan R10, kuma dalilina ba yawan megafiksel ba ne. R7 tana da gurbin memori biyu, tana rubuta kowane hoto a wuri biyu lokaci guda. Kamu da ɗaurin aure ba a maimaita su. Ranar da memori ya lalace, ba bayanin da zai gamsar da uwar amarya. Tana kuma da na'urar hana rawa a cikin bodi, wadda R10 ba ta da ita, ita ma 90D haka, ga shi gurbinta ɗaya ne.

Akwai tarko a nan da ya kamata a yi hattara da shi. Da adafta, gilashin EF-S yana hawa manyan marasa madubi irin su RP da R6 da R8. Sai mutum ya ce shi ke nan, na tsallake matsalar 6D. Hawa kam yana hawa, amma kyamarar za ta yanke tsakiyar sensa kawai ta yi aiki da shi. RP mai megafiksel 26 za ta ba ka kusan 10, R6 ta farko mai 20 ba za ta kai 8 ba. Ka biya kuɗin babbar sensa, kana amfani da ƙasa da rabinta, hotonka bai kai na tsohuwar 600D mai 18 yawan ɗigo ba. Don Instagram ya wadatar. Don babban firam na bangon falo, da sauran magana. Babbar sensa tana da riba ne ga wanda ya riga ya mallaki irin su 24-105 ko 24-70 ko 70-200 ko 85mm.

Kuma ko gilashin ya dace, halinsa zai canza. 50mm a kan 600D yana gani ne kamar 80mm, saboda ana ninkawa da 1.6, shi ya sa yake fitar da fuskar amarya da kyau. A kan 6D zai koma 50 ɗinsa na asali, ya buɗe, sai ka matsa kusa ko ka nemi 85mm. Mai ɗaukar hawan sallah daga nesa da 75-300 kuwa, asara zai gani, don dokin da ke cika masa hoto zai ƙanƙance.

Masu Canon M50 da 'yan uwanta, sai haƙuri: gilasansu na EF-M ba su da adaftar da za ta kai su RF.

A Nikon labarin ya ɗan fi sarƙaƙiya, domin bakin F tun 1959 yake, kusan komai yana hawa komai, sai dai ba komai ke aiki ba. Gilashin DX, wato na ƙaramar sensa, yana hawa babbar sensa ta FX, amma da irin yankan nan: D750 mai megafiksel 24 takan koma kusan 10, D850 mai 45.7 ta koma kusan 19. Babbar tambayar ita ce ina motar fokas take. Gilasai masu AF-S da AF-P suna da motarsu a ciki. Tsofaffin masu AF ko AF-D, irin 50mm f/1.8D ɗin nan mai araha da ya cika hannun mutane, bodi ne ke juya su da wani ɗan ƙarfe kamar sukundireba da ke gefen baki. D90, D7000 zuwa D7500, D610 da D750 duk suna da shi. Jerin D3000 da D5000 ba su da shi. Adaftar FTZ da ke kai gilasan F kan bakin Z na marasa madubi, wanda ya fito a 2018, ita ma ba ta da shi, haka FTZ II. Ma'ana, mai jaka cike da gilasan D idan ya sayi Z5 ko Z6, da hannu zai riƙa murɗa fokas, ango na rawa yana binsa. Irin wannan mutum D750 ce tasa: ta fito a 2014, gurbin memori biyu, ga ƙarfi cikin duhu. Wanda gilasansa AF-S ne na FX, Z5 ta 2020 da FTZ zaɓi ne mai kyau. Mai DX zalla ya duba D7200, wadda nake fifitawa a kan D7500 don aikin biki duk da ta girme ta da shekara biyu, saboda an cire wa D7500 gurbi na biyu. Sai kuma akasin haka: gilasan AF-P ba sa aiki a tsofaffin bodi kamar D90 da D3100.

Yanzu ga wata gaskiya da ba a cika son ji ba. Idan ka zazzage jakar ka tarar 18-55 ne kawai da ɗan Yongnuo 50mm, to ba abin da ya ɗaure ka. Kada ka ɗaure kanka da kamfani saboda gilashin da bai kai kuɗin batir biyu ba. Kana iya komawa Sony ko Fujifilm ko duk inda ka ga dama, ko ma ka bar bodin yadda yake ka sa kuɗin a gilashi mai buɗewar f/1.8 ko f/2.8, wanda sau da yawa shi ne ainihin maganin duhun da kake kuka da shi. Masu manyan gilasan Canon da ke sha'awar Sony kuwa, akwai adafta irin Sigma MC-11 da Metabones, amma fassara ce tsakanin harsuna biyu, saurin fokas ya danganta da gilashin, musamman a bidiyo. Sai an gwada.

A lissafin kuɗi a sa tarkacen gefe. Marasa madubi sun fi shan batir, a inda wuta ba tabbas kuwa wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mai 70D ko 80D zai ci gaba da amfani da batiransa na dangin LP-E6 a 90D da R7 da R6. Mai 600D, LP-E8 ɗinsa ya tashi aiki. R10 da R8 da RP ƙaramin LP-E17 suke ci, sai ka riƙe biyu ko uku a aljihu. Dangin EN-EL15 na D7200 da D750 suna shiga Z5 da Z6. Mai filasha ya lura da R50: mazaunin filashinta ba shi da tsofaffin maɓallan, sai da wata adafta daban, AD-E1. Ga kuma ƙurar hunturu. A maras madubi, da ka cire gilashi a yawancinsu sensa tana fili, don haka ka bar adaftar manne da bodi, ka riƙa sauyi baki na kallon ƙasa.

Ranar saye ka tafi da gilasanka duka da memorinka. Ka ɗaura kowanne, ka ɗauki fuskar yaron shago a buɗe sosai, ka zuƙo hoton ka ga ko fokas ya sauka a ido. Ka ɗauki farin bango a f/16, wato gilashi a tsuke, don datti da tabon sensa su fito. In ta hannu ce, ka sa a duba maka adadin harbin shota, wato yawan hotunan da ta ɗauka, a kwamfuta, in mai gurbin memori biyu ce ka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ƙanen nawa dai ya yi wata huɗu yana zuwa biki da kyamara biyu a wuya, 6D da 50mm, tsohuwar 600D da 18-55 don hoton dangi, kafin ya samu 24-105 na hannu.