Kejin kare na mai walda: yadda ya yi mini daga Zinder zuwa Konni cikin bazara

Kejin nan ya biya kuɗinshi, wannan in faɗa tun farko, amma fa ba yadda ya fito daga hannun mai walda ba, sai da na sa aka taɓa shi wuri uku kafin ya zama abin da zan ce ma wani ya je ya yi irinshi. Mutane da yawa sun gan shi a bayan motata suna tambaya nawa ne, ina aka yi, kare ya yarda ya zauna ciki kuwa, toh ga bayanin.

Kare na sunanshi Dogo, irin dogayen nan ne na arewa masu siririn ciki da dogayen ƙafafu, yana da jinin karnukan Azawak da ake samu wajen Buzaye. Gadin garkata yake yi a hanyar Mirriya. Aiki ya taso mini a Birnin Konni na wasu makonni, daidai lokacin yaron da ke kula da shi ya tafi garinsu sharar gona kafin ruwa ya sauka, shi kuma Dogo ba ya cin abinci a hannun wanda bai sani ba, sai ya kwana biyu yana kallon kwano. Motar haya kuwa ba ma sai na tambaya ba, wa zai yarda ka shigo mishi da kare cikin fasinja. Sai ya zama ni da shi a motata, irin mai dogon bayan nan, kuma a watan Mayu, wanda duk ɗan Damagaram ya san me ake nufi, zafi ya wuce 40 kullum, wani lokacin har 44.

Da farko na ga na roba a wani butiki, wanda ake shigowa da shi daga waje, yana da kyau a ido gaskiya, amma ramukan iskar ƙanana ne kuma a gefe kawai, na sa hannu ciki a inuwar shago ma na ji ɗumi. Ba don ƙasarmu aka yi shi ba. Ga shi kuma gajere, Dogo in ya miƙe kanshi zai bugi sama. Shi ya sa na wuce wajen mai walda a unguwarmu.

Zuwa da kai ya fi aike, in za ka yi kar ka tura yaro da takarda. Na auna karen da mita yana tsaye, daga ƙasa zuwa saman kai, da kuma daga hanci zuwa gindin wutsiya, na ƙara kamar tafin hannu a kowane ɓangare. Ƙa'idar ita ce ya iya tsayawa ba tare da ya sunkuya ba, ya iya juyawa, ya iya kwanciya ya miƙe ƙafafu. Kar kuma ya yi faɗi da yawa, don in ka taka birki da ƙarfi zai riƙa zamewa yana buguwa da ƙarfe. Sannan na auna ƙofar bayan mota, wannan mutane suna mantawa da shi sai an gama keji ya ƙi shiga. Mai waldan ya dube ni ya ce "Alhaji na yi na kaji, na yi na tantabara, na yi na zomo, na kare dai sai yau." Na ce toh maigida yau ka fara. Mun shirya a jika 35 har da fenti, ginshiƙan da ƙarfen fayif mai kusurwa huɗu, sandunan da siririn rodi, ƙofa a gaba, da zobba huɗu a ƙasa na ɗaure igiya.

Abin da ya yi da kyau ya yi da kyau ƙwarai. Waldar ta kama, duk ramukan hanya da muka faɗa ba inda ya tsage ko ya lanƙwashe, tazarar sanduna daidai, kan kare ba ya fita amma iska tana ratsawa ta kowane gefe. Zobban nan kuwa su ne rabin amfanin kejin, na ɗaure shi da igiya a ƙarfen kujerar baya, bayan Takeita wani jaki ya faɗo mini titi na taka birki har ƙasa, kejin ko motsi bai yi ba. Da sake Dogo yake a mota da ta kafaɗata zai wuce ya bugi gilashi.

Inda bai yi ba shi ne ƙasan. Falanken ƙarfe ya shimfiɗa, shi a ganinshi ya fi sauƙin wankewa, kuma gaskiya ne, amma na ajiye kejin a tsakar gida da hantsi na dawo na taɓa, wallahi kamar tandar waina. Tafin ƙafar kare yana ƙonewa, kuma ta nan ne ma yake ɗan yin gumi, ba kamar mu da duk jiki ke zufa ba. Na mayar mishi ya huda falanken ya ɗaura katako a kai, ni kuma na shimfiɗa tabarmar kaba. Na biyu sakatar ƙofa, ta yi sako-sako, mota na tafiya tana ƙara kacau kacau, karen kuma duk ƙarar da ya ji sai ya zabura ya tashi tsaye. Aka canza ta da mai matsewa, na naɗa mata robar tsohon tib na babur, shiru. Akwai kuma tsinin walda wajen kusurwoyi da bai goge ba, sai da na shafa hannu na ji ya karce ni, na ce a bi su da injin guga ɗaya bayan ɗaya. Bai yi gardama ba, bai ƙara mini ko dala ba sai kuɗin katako, wannan na yaba mishi. Fentin shi ma yana wari sosai, a bar shi ya sha iska kamar mako kafin a sa dabba, hancin kare ba irin namu ba ne.

Kafin tafiya na ajiye kejin a garka a buɗe ina sa mishi abinci a ciki har ya saba shiga da kanshi. Kar ka jira ranar tafiya ka tura shi da ƙarfi, zai yi ta haushi daga nan har Maradi. Na kuma kai shi wajen likitan dabbobi aka yi mishi allurar haukan kare aka rubuta a karne, wato ɗan littafin allurarshi, aka buga hatimi, likitan ya ce a yi ta da wuri don sai ta yi kamar mako uku kafin ta kama jiki. Dan Allah masu karnuka a daina wasa da wannan, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon yana kashe mutane wajen 59,000 a shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne, da yawansu yara. In alamu suka fito a jikin mutum kuma ba magani. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 ya wuce asibiti a take, ba a tsaya neman gashin karen ba.

Hanya dai RN1 ce, babban titin ƙasa, Zinder zuwa Maradi kusan kilomita 240, daga can zuwa Konni kuma kamar haka. Na fita bayan sallar asuba, ban ba shi abinci ba sai ruwa, don kare in ya ƙoshi mota tana sa shi amai. Tirmini, Takeita, Tasawa, duk mun wuce da sanyin safiya yana kwance yana kallon baya. Daga Gazawa rana ta fara aiki. Kilim ɗin motata, wato na'urar sanyaya mota, ba ya kaiwa baya, saboda haka abin da na yi shi ne na jiƙa buhun algarara na rataya a jikin kejin ta ɓangaren da rana ke bugawa, na sauke gilasai, iskar da ke ratsa jiƙaƙƙen buhun sai ta shiga da sanyi. Dabarar da muke yi wa jarkar ruwa ce, kuma a busasshen zafi irin namu tana aiki sosai. Nan ne sandunan rodi suka fi roba nesa ba kusa ba, ko'ina kana da wurin rataya abu. A jikin keji fa, ba a jikin kare ba, in ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma zafin jikinshi ne zai taru a ciki.

Kare da haki yake fitar da zafi, kuma zafin jikinshi na lafiya 38 zuwa 39 ne, in ya wuce 41 ana maganar rai. Don haka madubina na ciki na karkata shi wajen kejin, ina kallon harshenshi. Haki na yau da kullum ba komai, amma in ka ga yawu ya yi kauri yana dalala, dasashi ya yi ja wur, in ya tashi yana tangaɗi, tsaya nan take ka nemi inuwa ka zuba mishi ruwa mai sanyi a ciki da hammata da wuya ka bar iska ta buge shi. Kuma kar ka taɓa barin shi a mota a rufe ka ce bari in shiga in sayi kati, minti kaɗan sun isa.

Tsakanin Agye da Cadawa na sauka daga kwalta na shiga ƙarƙashin wani babban gawo. Allah Ya yi wa gawo albarka, lokacin da sauran itatuwa suka bushe shi yake da ganye, sai damina ta zo ya kakkaɓe. Na fito da Dogo da igiya, kuma kafin ya taka ƙasa na sa bayan hannuna a yashin, in kai ba za ka iya jurewa ba shi ma ba zai iya ba, kwalta kuwa da rana tsaka ko kusa. Wani dattijo yana zaune da awakinshi, na yi sallama na ce Baba a yi haƙuri za mu raɓa, a ɗaure yake. Ya ce zauna ɗana, inuwa ta Allah ce. Ya ga ina zuba ma karen ruwa a kwanonshi kafin ni in sha, sai ya tuna mini hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da takalminshi ya shayar da kare mai ƙishirwa Allah Ya gafarta mishi. Na ji daɗin maganar nan har raina, don ba ko'ina ake yi mini ita ba. Kafin mu tashi sai da na zauna na cire mishi ƙarangiya tsakanin yatsu, wajen cike yake da ita, na kuma duba kunnuwa ko kaska ta hau.

Mun huta a Maradi har la'asar ta yi sanyi sannan muka ci gaba, Gidan Rumji, Madawa, Galmi, Malbaza, Tsarnawa. A Galmi na sayi albasa kamar kowa, amma na sa buhun a gaba nesa da kejin, don albasa da tafarnuwa guba ne ga kare, suna lalata mishi jini. Kilishi ma saboda yajin da ke jiki ban ba shi ba duk da kallon da yake yi mini, tuwo da romo marar yaji ya ci da dare.

Wani amfanin kejin da ban lissafa da shi ba shi ne mutane. A kowane shinge in jandarma ya leƙo ya ga kare a kulle sai hankalinshi ya kwanta, ɗaya ne kawai ya ce "wannan fa, yana da takarda?" na ce yana da ita shef, na miƙa karne, ya duba hatimi ya ce Allah Ya kiyaye hanya. A gidan mai haka, masu tallar piyawata da yara suna matsowa ba wanda ya firgita. A bakin masallaci ma na samu na yi salla a natse, na ajiye mota a inuwar bedi ƙofar baya a buɗe inda nake hangenta, ba fargabar zai sauko ya shiga cikin mutane ko ya sa baki a butar wani. Mu a nan ba kowa ke son kare ya matso shi ba kuma haƙƙinsu ne, kai mai kare kai ya kamata ka ɗauki nauyin wannan.

Abin da har yanzu nake ƙorafi a kai nauyi ne. Mutum ɗaya ba ya ɗaga shi, kuma ba a yi mishi mariƙi ba, a Konni sai da na roƙi mai gadin gidan da na sauka ya kama mini, sandunan suna cin hannu. Yayyafin farko da ya taɓa shi kuma tsatsa ta fito a wuraren walda, ashe fenti ɗaya ya shafa ba a sa na kariyar tsatsa a ƙasa ba. Wanda zai yi nashi ya faɗa tun wajen ciniki, mariƙi biyu a gefe, jan fentin tsatsa kafin na sama, da ɗan zobe a ciki da zai riƙe kwanon ruwa kar ya kife. In motarka ƙarama ce mai rufaffen but kuwa wannan kejin ba naka ba ne, ba a sa mai rai a but, in kuma a-kori-kura ce sai an yi mishi rufi na katako ko zana a sama don rana za ta buge shi kai tsaye. Nawa na mayar wa mai waldan makon nan ya sa mariƙan, ya ce jika 3.