Ledar kare fenti ta tsufa: a gyara ta ko a ɓare ta?

Wani ɗan'uwanmu ya aiko mana da tambaya, ya ce ya sayi farar mota ta hannu, gabanta duk a lulluɓe da ledar kare fenti, wato siririyar roba garai-garai da ake liƙawa a kan fentin mota, kuma takardun da ya tarar sun nuna ledar ta shekara takwas a jikinta. Bonet ya yi rawaya-rawaya, bamba ta tsattsage, gefen madubi ya fara ɗagowa, fenda kuwa dusashewa kawai ta yi. Wani ya ce masa a yi mata folish ta dawo sabuwa, wani ya ce a ɓare a huta. Yana tambaya wanne ya fi.

Malam, dukansu biyun sun faɗi gaskiya, sai dai kowannensu wani ɓangare na motar yake kallo. Kafin ka ba kowa aiki, ka gano inda ɓarnar take: a saman ledar ne, ko a cikin namanta, ko a ƙarƙashinta. Wadda take sama tana jin magani. Sauran biyun ba sa ji.

Ledar nan ba abu ɗaya ba ce, hawa uku ce. A ƙasa akwai gam, a tsakiya akwai roba mai taushi da ake kira foliyuritan, a sama kuma akwai wani siririn shafi mai sheƙi. Duka kaurin bai wuce maikron 150 zuwa 200 ba, wato kamar ka haɗa fallen takarda biyu. Shafin saman nan bai fi maikron 10 zuwa 15 ba, kuma shi ne mai haɗe ƙananan kwarzane idan rana ko ruwan zafi ya taɓa shi. Asalin ledar ma ba don mota aka yi ta ba. Kamfanin 3M ne ya samar wa sojojin Amurka ita a lokacin yaƙin Biyetnam, domin yashi da tsakuwa suna cinye fukafukan jiragensu masu saukar ungulu. Wato tun ran gini tun ran zane, aikinta ta sha dukan a maimakon fenti, in ta ƙoshi a sauya ta. Manyan kamfanoni irin su XPEL suna ba da garanti har na shekara 10 a kan ledarsu mai kyau, amma ta da can da mai araha ba sa kai haka, musamman a motar da ke kwana ta wuni a rana.

Mu fara da gyara. Yana da araha, ana gama shi a wuni ɗaya, kuma ba ya taɓa fenti ko kaɗan. Abin da yake iya fitarwa shi ne dattin da ya zauna a sama: ɗigon kwalta, tabon ruwa mai gishiri da ya bushe, danƙon bishiya, jirwayen kashin tsuntsu da na ƙwari, da wannan ƙura-ƙuran ƙarfe da birki ke fesowa. Ana wanke motar da sabulun mota mai laushi, a bi da maganin ƙurar ƙarfe da na kwalta waɗanda aka rubuta cewa ba sa cutar da leda, a goga yumɓun goge mota a hankali da ruwa mai santsi, sannan a yi folish mafi laushi da soso mai taushi. A ƙarshe a shafa abin kariya, ko na seramik da aka yi domin leda. Fendarka da ka ce ta dusashe kawai, ina kyautata zaton wannan zai ishe ta.

Amma folish a kan leda ba kamar folish a kan fenti ba ne. Duk gogar da aka yi, daga wancan siririn shafin ake ci. In mai aikin ya sa injin da ke juyawa da ƙarfi ya danna, robar za ta ɗau zafi ta yi laushi, ta yamutse ko ta ƙone, sai a wayi gari an yi gyaran gangar Auzinawa. In kuma ledarka irin marar sheƙin nan ce, kada a kusance ta da folish sam, domin duk inda aka goga zai yi ƙyalli ya bambanta da sauran, kuma ba ya komawa. Fetur, kananzir da tina ma ka nisanta su da ita. Suna fitar da kwalta nan take, gaskiya ne, amma suna busar da robar su bar mata hazo.

Ga gwajin da nake so ka yi da kanka kafin ka kashe ko sisi. Ka zaɓi wuri kamar tafin hannu a kan bonet ɗin da ya yi rawaya, ka wanke, ka ɗiga folish mai laushi a farin ƙyalle, ka goga da hannu na minti ɗaya ko biyu. Ka duba ƙyallen, ka duba wurin. In ƙyallen ya yi ruwan ƙasa, wurin kuma ya yi fari tas a tsakiyar rawayar kamar an buɗe taga, to datti ne, gyara zai yi. In ƙyallen ya fito fes, wurin ya ƙara sheƙi amma launin yana nan daram, to rawayar a ciki take. Hasken rana ne ya sauya robar ko gam ɗin da ke ƙasa. Tsofaffin ledoji da masu araha, waɗanda aka yi da nau'in foliyuritan da ake kira aromatik ko da robar PVC, su suka fi yin haka. Na yanzu masu kyau da nau'in alifatik ake yin su, wanda ya fi jure rana. Irin wannan rawayar ko kwana za a yi ana goga ba za ta fita ba. Farar mota kuma ba ta rufa asiri, abin da baƙar mota za ta ɓoye ita sai ta tona.

Sai ɓarewa. Ta fi tsada, ta fi cin lokaci, kuma ita ce mai haɗari ga fenti. Amma ita kaɗai ce maganin tsagewa, da kumburi, da rawayar ciki, da dattin da ya shige ƙarƙashi. Abin da mutane ba sa lura da shi kuma, wanda ni a ganina shi ne ƙashin bayan maganar, shi ne cewa gyara yana iya jira, ɓarewa ba ta jira. Ledar da ke da sauran rai tana miƙewa, in aka ɗumama ta sai ta taso falle guda tare da gam ɗinta, cikin ƙanƙanin lokaci an gama bonet. Wadda ta mutu ba ta miƙewa, karyewa take yi. Na taɓa tsayawa a kan wata bamba irin taka, ledar ta tsattsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Ka sa farce ka ɗago, sai ɗan guntu kamar ƙwayar farcen ya ɓalle, ya bar gam mai launin toka a manne, ka sake ɗagowa wani guntun ya ɓalle. Aikin da muka ɗauka na awa ɗaya ne sai da ya cinye wuni biyu, yatsu duk sun yi kanta. Da an cire ta shekara biyu kafin nan, da ba a sha wannan wahalar ba. Saboda haka bambarka ba ta cikin muhawara, kuma kowane wata da ka ƙara mata a rana ƙara wa kanka aiki kake yi.

Yadda ake yi: zafi da haƙuri. Tururi ya fi komai, domin yana ɗumama wuri daidai wa daida kuma da wuya ya ƙona fenti. In babu injin tururi, na'urar busar da gashi ta wadatar. Bindigar zafi irin ta masu aiki ma tana yi, amma a hannun wanda bai saba ba tana iya tafasa fenti ko ta lanƙwasa robar bamba cikin daƙiƙoƙi. Zafin da ake nema kamar digiri 50 zuwa 60 ne a ma'aunin Salsiyos, wato ka taɓa ka ji zafi amma ba ka ƙone ba. Ka ɗago kusurwa da farce ko rezar roba, kada ta ƙarfe. Sannan kada ka fizge ta sama kamar mai cire filasta. Ka ja ta a kwance kusa da jikin motar, kana miƙar da ita sannu a hankali, domin miƙewar ce ke sa gam ya saki fenti ya bi ledar. In ka ji ta yi tauri, ka tsaya ka ƙara zafi. Gam ɗin da ya rage a jiƙa shi da maganin cire gam, a ba shi 'yan mintoci ya narke, a kwashe da rezar roba, a goge da ƙyalle mai laushi, a wanke. Ka fara gwada maganin a wani lungu da ido ba ya kaiwa.

Haɗarin yana ina? Yana wurin fentin da ba na kamfani ba. Fentin da aka gasa a masana'anta yana riƙe da jikin mota gam-gam, da wuya leda ta ɗago shi. Amma in motar ta taɓa yin karo aka yi mata feshi, musamman in ba a kankare wurin da kyau ba, ko aka liƙa ledar tun fentin bai gama bushewa ba, to shafin saman fentin, wanda masu fenti ke kira kiliya, yana iya biyo ledar. Kiliyar nan a yawancin motoci ba ta wuce maikron 40 zuwa 50 ba, ka ga ledar ta ninka ta kauri sau uku ko huɗu. Tunda ta hannu ka saya, ba ka san tarihinta ba. Ka duba cikin bakin bonet da gefen fenda ko akwai ɓurɓushin feshi a kan roba ko kan kusoshi, ka dubi launin kowane ɓangare a rana ka gwada da na kusa da shi. Masu aikin nan suna da ɗan ma'aunin kaurin fenti da ake ɗorawa a jikin ƙarfe. In wani wuri ya nuna ninkin na sauran, an taɓa shi. Irin wannan wurin kada ka yi da kanka, garin neman gira a rasa ido. Haka bambar roba, fenti bai cika kama ta kamar yadda yake kama ƙarfe ba. Haka fitilu in an liƙa musu, domin su ma suna da nasu siririn shafin da ke iya ɓarewa. Ka kai wa wanda ya saba, kuma ku yi magana tun farko a kan wanda zai ɗauki nauyi in fenti ya tashi.

Akwai kuma abin da zai iya ba ka mamaki bayan an cire. Fentin da ke ƙarƙashi ya shekara takwas a ɓoye, na waje ya shekara takwas yana shan rana da wanki. In rabin bonet aka liƙa wa ledar, kamar yadda aka saba yi a da, za ka ga layi ya ratsa tsakiya, gaba sabo fil, baya ya ɗan kwanta. Yawanci folish a kan fentin yana daidaita su. Sai dai in na wajen ya koɗe sosai, to alamar ba za ta ɓace gaba ɗaya ba.

Gefen madubin da ya ɗago yana tsakanin gyara da ɓarewa ne. In ɗagowar ba ta wuce faɗin tsinken ashana ba kuma ƙasan da tsabta, mai aikin leda zai iya datse bakin ya kwantar da sauran da zafi. In baƙin layin datti ya riga ya shiga, gam ɗin wurin ya mutu, ba ya sake kamawa. Kada ka ɗiga masa gam mai kama nan take, zai ci fentin. Murfin madubi ƙaramin abu ne, cire ledarsa ya fi sauƙi a kan lallashinta. Kuma injin wanki mai feshi da ƙarfi shi ne babban mai ɗaga bakin leda, ka riƙa ja da baya da shi in ka zo gefuna.

In da motata ce, ga yadda zan raba aikin. Ledar bamba da ta madubi a cire su cikin makon nan. Bonet a yi masa gwajin ƙyalle, kuma da shekarun da ka faɗa da launin motar, na fi zaton cirewa za a yi. Fenda a wanke ta a yi mata folish mai laushi a ga yadda za ta yi. Sai dai ka sani, in ka sa sabuwar leda a bonet ka bar tsohuwa a fenda, a farar mota bambancin zai fito fili, kuma fendar ma sa'ar sauran ce, rana ɗaya aka liƙa su. Gyaran zai iya saya maka shekara ɗaya ko biyu, ba zai mayar da ita yarinya ba. In aljihu zai ɗauka, ka cire duka lokaci ɗaya tun tana tasowa falle guda.

Sake liƙa wata kuwa ba dole ba ne. Mai yawan tafiyar babbar hanya a bayan manyan motoci, inda tsakuwa ke tashi, kwalliya za ta biya masa kuɗin sabulu. Mai zirga-zirgar cikin gari zai iya tsayawa a kan shafin seramik, in dai ya san cewa seramik sauƙin wanki da sheƙi yake bayarwa, ba ya tare dutse. In kuma an yi wa wani wuri sabon feshi bayan cirewar, ka ba shi aƙalla wata ɗaya, ko iya abin da mai fentin ya ce, kafin a ɗora masa leda. Ka ajiye takardar garantin da ranar da aka liƙa a cikin motar. Ka yi gwajin ƙyallen da safe a inuwa, kafin bonet ya ɗau zafi, sannan ka gaya mana launin da ya fito.