Hattara da mai tallar kit ɗin fawa saflai na 400V, jabu ne

Jama'a masu harkar haɗa kayan lantarki dan Allah ku tsaya ku karanta wannan kafin ku tura ma kowa kuɗi. Akwai wani mutum da yake yawo a guruf-guruf yana tallar kit na haɗa fawa saflai, wato na'urar da ke ba kayan lantarki wuta, wai daga 0 zuwa 400V, ka murɗa ka samu boltej ɗin da kake so, wai ya dace da masu gwajin bawul (kwalaben gilashin nan) na tsofaffin amfilifaya da masu farfaɗo da tsofaffin kafasta (abin da ke ajiye cajin wuta). Ba zan kama suna ba dan suna ba shi da amfani a nan, canza shi yake yi kamar riga, amma hotunan da kalaman tallar duk iri ɗaya ne. Kit ɗin ya zo hannuna na buɗe shi, wallahi da kuɗi kawai ake asara da na yi shiru, abin nan zai iya kashe mutum.

Na farko ya rubuta cewa bod ɗin a ware yake da wutar gida. Ƙarya ne. Ku bi layin bod ɗin da ido, waya ce ta taso daga soket ta shiga dayod huɗu, masu mayar da wutar AC zuwa DC, ta faɗa kan kafasta, shikenan, babu taransfoma ko ɗaya a tsakani. Ma'ana wancan baƙin tamina na fitar wuta da kake ɗauka sifili ne yana ɗauke da wuta idan aka auna shi da ƙasa, ka taɓa shi ƙafarka na ƙasa ta ja ka, in kuma ka maƙala masa kilif ɗin osiloskop, na'urar duba sigar wuta a allo, to ka haɗa shot kenan kai tsaye. Sannan lissafin kansa bai fita ba, 230V idan ka bi da shi ta dayod da kafasta abin da zai ba ka kusan 325V ne, to ina sauran 75V ɗin za su fito? Babu wani sakit na ɗaga boltej a kan bod ɗin. Na tambaye shi ya ce wai sirrin kamfani ne.

Sai kafasta, nan ne ainihin rashin imanin yake. A jikin rigarta an buga 470µF 450V, ƙatuwa ce a ido amma kana ɗaga ta za ka ji ba nauyi, ka girgiza ta kusa da kunne ka ji wani abu na motsi a ciki. Da aka yanka gwangwanin sai ga wata 'yar ƙaramar tsohuwar kafasta a ciki an liƙa ƙafafunta da dalma a jikin na wajen, kuma boltej ɗin da aka rubuta mata bai kai na wutar da za ta gani ba. Irin wannan ba ta mutuwa salin alin, zafi take ɗauka ta kumbura ta fashe, kai kuma a lokacin fuskarka na kan bod kana duba mita. Duk wanda mitarsa ke auna kafasta ya auna kafin ya ɗora, minti ɗaya ba zai ci ba.

Mosfet ɗin, wato taransistan da ke sarrafa boltej ɗin da ke fita, an rubuta IRFP460, wanda orijina ɗinsa 500V ne 20A. Na goga masa asiton, sinadarin narkar da fenti, da auduga rubutun ya bi audugar, bayansa kuma ga alamar an kankare tsohuwar lamba. Abin da yake ruɗin mutane shi ne ka gwada shi da mita ya nuna lafiya lau, ka sa masa 12V ya yi aiki, ai mita ba ta gwada iyakar boltej ɗin da zai jure. Sai ka kai shi sama ya huje, kuma mosfet idan zai mutu yawanci shot yake yi, to tunda shi ne yake tsakanin kafasta da waje, duk 325V ɗin za su fito a tamina ko da ka murɗe nob ɗin yana kan 20V. Duk abin da ka jona ya tafi. Fis babu, abin taƙaita karant babu.

Babu kuma risistan da zai zuƙe cajin bayan an kashe. Kafasta ta gaske mai 470µF a kan 325V tana riƙe makamashi kusan jul 25, kuma tana iya zama da shi tsawon lokaci bayan ka zare fulogi. Risista 220k mai 2W a tsakanin ƙafafunta ya wadatar, shi ma sai ka ba shi kamar minti 4 sannan ka auna da mita kafin ka kai hannu. Wanda bai san wannan ba ban ga dalilin da zai sa ya riƙa sayar da kit ɗin babban boltej ba.

Yana kuma haɗawa da wasu baƙaƙen modul masu tartsatsi wai 400kV, wato 400,000V, daga batir ɗaya, da su yake jan mutane a bidiyo dan ƙarar tana burgewa. Iska busasshiya tana hujewa a kusan 3kV duk milimita ɗaya, in bakin waya mai tsini ne ma ƙasa da haka, kenan 400kV ya kamata ta tsallake sama da santimita 13. Tasa da ƙyar take tsallake santimita ɗaya. Kar ma ku ce za ku gwada da mita, yawancin mitocinmu 600V ko 1000V ne iyakarsu, ƙonewa za ta yi.

Salonsa shi ne ya ce saura guda biyu, ka biya duka kafin ya turo, in ka nemi zanen sakit ya ce sai ka saya. Kaya na zuwa ka yi ƙorafi ya ce kai ne ba ka iya haɗawa ba, ka matsa ya yi bulokin ɗinka. Masu yabonsa a ƙarƙashin tallar ku duba su da kyau, sababbin akawun ne ba komai a cikinsu sai yabon nasa.

In ka riga ka saya kar ka jona shi da wuta ko dan gwaji. Ɗauki hoton kayan da hirarku da shaidar biyan kuɗi ka kai ƙorafi inda ka biya, ka kuma tura ma admin ɗin guruf. Mai buƙatar ƙaramin karant ya nemi LR8, ƙaramin IC mai daidaita boltej, daga dilan da aka sani, yana karɓar har 450V ya ba da daga 1.2V zuwa 440V a kan 10mA, amma shi ma sai da taransfoma mai ware ka da wutar gida a gabansa, bariyak, wato taransfomar da ake murɗawa a canza boltej, ba ta yin wannan aikin.